Yadda Ake Zaɓen Bawul Mai Jure Zafi Don Tukunyar Narkar Da Dalma Mai Zuba Ta Ƙasa

Tukunyar narkar da dalma mai zuba ta ƙasa tana da fifiko guda a kan wadda ake ɗiba da ludayi, domin kashin dalma da sauran datti suna taruwa ne a sama, abin da ke fita ta gindi kuwa tatacce ne. Sai dai duk wannan amfani ya rataya ne a kan bawul ɗin da ke buɗe ramin da rufe shi, kuma a nan ne masu haɗa tukunyarsu da kansu, kamar masu zubin dalmar koma da ta ƙugiya, suka fi yin kuskure.

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, amma ana yin zubi ne tsakanin digiri 350 da 400, saboda ta cika mazubi kafin ta daskare. Da wannan lissafi za a fara tace abin da ke kasuwa. Bawul ɗin famfo mai ƙwallo a ciki, wanda ake samu a kowane shagon kayan ruwa, ba ya cikin zaɓi ko kaɗan. Jikinsa na tagulla ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 900, wannan ne ma ke yaudarar mutane, amma zoben da ƙwallon ke zaune a kai na Teflon ne, wani nau'in roba mai santsi, wanda ba a yi shi don wuce digiri 260 ba. Idan ya lalace yana fitar da hayaƙi mai guba, sannan ya bar hanya a buɗe. Haka duk bawul ɗin da ke da roba a ciki. Ita kanta tagullar, idan dalmar tana da gaurayen kuza, kuzar tana cinta a hankali. A guji ƙarfen da aka shafa wa tutiya irin bututun ruwa mai fari-fari, domin tutiya tana ɓata dalma ta sa ta yi gudaji kamar kunun da bai damu ba. Alminiyum kuma, ko da yake sai a digiri 660 yake narkewa, ƙarfinsa yana raguwa sosai tun kafin nan.

Abin da ya rage shi ne baƙin ƙarfe, da ƙarfen kas, da ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 ko 316. Dalma ba ta cin waɗannan a zafin zubi. Marar tsatsa ya fi daɗewa da santsi a bakin rami, amma baƙin ƙarfe na yau da kullum ma yana biyan buƙata idan ana kula da shi.

Tambayar da ta fi nau'in ƙarfe muhimmanci, a ganina, ita ce inda bawul ɗin zai zauna. Idan aka ɗaura shi a waje, a ƙarshen bututu, iska tana sanyaya shi, dalmar da ke ciki ta daskare, sai mai aiki ya koma gasa shi da wutar gas kafin kowane zubi. Wanda girman tukunyarsa ya tilasta masa wannan tsari, ya nemi bawul na ƙarfe zalla wanda aka cushe wuyansa da girafayit, wato baƙin abin da ke cikin fensir, irin na bututun tururi mai tsananin zafi, ya karanta iyakar zafin da kamfanin ya rubuta, ya gajarta bututun iya yiwuwa, kuma ya sa shi inda harshen wuta ke taɓa shi. Ga ƙaramar tukunya kuwa, tsarin da kamfanonin Amurka masu ƙera irin wannan tukunya, irin su Lee da RCBS da Lyman suke bi ya fi sauƙi da aminci. Sanda ce ta ƙarfe mai tsini, tana saukowa daga sama ta cikin narkakkiyar dalmar, tsininta ya zauna a cikin ramin gindin tukunya. A ɗaga hannu dalma ta zubo, a saki ta tsaya. Tunda sandar da mazauninta suna nutse cikin dalmar, zafinsu ɗaya da nata.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa da shi. Narkakkiyar dalma ta fi ruwa nauyi fiye da sau 10, baƙin ƙarfe kuwa bai kai sau 8 ba, saboda haka ƙarfe yana tasowa sama a cikinta. Ke nan sandar ba za ta danne ramin da nauyin kanta ba, dole a ɗora mata nauyi a sama, a kan hannun da ake ɗagawa. Nauyi ya fi sifirin, domin zafi yana kashe ƙarfin sifirin a hankali. Wannan nauyin dalmar ne kuma ke sa zurfin santimita 10 kacal ya matsa ramin kamar ruwa mai zurfin fiye da mita ɗaya, shi ya sa ɗan ƙaramin gibi ke zama ɗiga marar tsayawa.

Don haka dacewar tsini da mazauni ita ce aikin gaske. A sassaƙa tsinin a kan inji ya fita daidai ta kowane gefe, sannan a shafa masa man gogar bawul da makanikai ke amfani da shi a injin mota, a zaunar da shi cikin ramin, a riƙa murza shi hagu da dama har sai wani siririn zobe mai sheƙi ya fito ya zagaye tsinin ba tare da yankewa ba. Idan zoben ya yanke a wani wuri, ta nan za ta ɗiga. A wanke man tas, a busar. Yana da kyau a yanka tsagi a kan sandar daga sama, domin idan ƙwayar datti ta maƙale ana cikin aiki, sai a sa sukundireba a ɗan juya ta, ɗigar ta tsaya. Ramin kansa kada ya yi faɗi. Milimita 2 zuwa 3 ya isa ƙananan mazubai, kuma ƙara faɗi daga baya ya fi rage shi sauƙi. Mazaunin kuwa a haɗa shi da tukunya da walda ko da noti na ƙarfe, ban da lanƙayi irin na masu gyaran rediyo, wanda zai narke tun kafin dalmar.

Yawancin ɗigar da ake ɗora wa bawul laifinta daga datti take. Tsoffin bututun dalma da tarkace a narkar da su a wata buɗaɗɗiyar tukunya daban, a zuba garin katako busasshe ko kakin kyandir, a juya, a kwashe dattin, sannan a kawo tsabtatacciyar dalmar cikin mai zuba ta ƙasa.

Gwajin farko a yi shi da dalma kaɗan, a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da yara da wurin girki. Gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. A ajiye faranti mai zurfi na ƙarfe a ƙarƙashin ramin wanda zai iya ɗaukar duk abin da ke cikin tukunyar, a sa safar hannu ta fata da tabarau da rufaffen takalmi. Kada ɗigon ruwa ya shiga ko'ina, domin ruwan da ya nutse cikin narkakkiyar dalma yana komawa tururi nan take ya watso ta. Kuma a tsaya a kan tukunyar lokacin da take ɗaukar zafi, saboda dalmar ƙasa takan riga ta sama narkewa, ta kumbura ta ɗaga sandar, ramin ya buɗe ba tare da an taɓa hannun ba.