Yadda ake sa wa zaki maganin barci a daji ba tare da an yi asararsa ba

Wannan aikin likitan dabbobi ne da tawagarsa, kuma sai da izinin hukuma. Zakunan Afirka ta Yamma, irin na Yankari da gandun dajin W a Nijar, sun yi ƙaranci ƙwarai, don haka ganganci ba shi da wuri a nan.

Da farko a zaɓi lokacin sanyi, dare ko asuba, kuma nesa da ruwa, kada dabbar ta faɗa ciki cikin maye.

Sai likita ya ƙiyasta nauyinta, ya haɗa maganin, galibi ketamine da medetomidine. A sa safar hannu, domin medetomidine na da haɗari ga mutum ma.

A harba allurar daga cikin mota, a tsokar cinya ko kafaɗa. Ban da ciki da ƙirji.

A kashe surutu, a jira kamar minti 10 zuwa 15. A tunkare ta ta baya, a taɓa kunnenta da doguwar sanda don a tabbatar ta yi barci.

Nan ne babban aikin. A kwantar da ita a gefe guda, a miƙar da wuya, a jawo harshe waje. A sa man ido, a rufe fuskar da ƙyalle, don ketamine kan bar ido a buɗe. Mutum ɗaya ya tsaya kan numfashi da zafin jiki kaɗai, yana dubawa duk minti 5. In zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin Celsius, a jiƙa ta da ruwa, a yi mata fifita.

In an gama, a kwashe kaya, a yi allurar atipamezole, maganin da ke karya ƙarfin medetomidine don ta farfaɗo, a koma mota. Kada a tafi sai ta miƙe da ƙafafunta, domin kuraye ko wasu zakuna na iya far mata.