Darasi na 9: Matsakaici, Na Tsakiya da Mafi Fitowa

Kowa ya ɗauko fensiri da littafinsa. Duk wanda ya iya tarawa da rabawa ba shi da abin tsoro a darasin nan.

Ga cinikin wata mai ƙosai na kwana biyar. Ku kwafe shi yadda yake:

Litinin N3,000
Talata N2,000
Laraba N9,000, ranar kasuwa ce
Alhamis N2,000
Juma'a N4,000

Harafin N na nufin naira. Waƙafin da ke bayan lambar farko don sauƙin karatu ne kawai: 3,000 dubu uku ke nan.

Kashi na ɗaya: matsakaici

Da a ce kullum cinikinta ɗaya ne, nawa zai zama? Wannan shi ne matsakaici. A tara, sannan a raba.

Mu tara a hankali. 3,000 da 2,000, an samu 5,000. Ƙara 9,000, ya zama 14,000. Ƙara 2,000, ya zama 16,000. Ƙara 4,000, jimilla 20,000. Yanzu ƙirga kwanakin da yatsa: biyar ne. Raba 20,000 gida biyar, kowace rana ta tashi da N4,000. Mai waya na iya duba amsarsa da kalkuleta, amma sai bayan ya yi da hannu.

In akwai ranar da ruwan sama ya hana ta fita, rubuta 0, kuma ka saka ranar cikin ƙirga. Rashin ciniki ba ya cire rana daga mako.

To, ku sake duba lissafin. A kwana uku cikin biyar ba ta kai N4,000 ba. Kasuwar Laraba ce ta ja lissafin sama. In ta ci bashin wake da mai tana sa ran N4,000 kullum, ran Talata za ta ji kunyar mai shago. Shi ya sa muke buƙatar hanya ta biyu.

Kashi na biyu: na tsakiya

A nan ne ake yawan faɗuwa, don haka mu natsu. Kafin komai, a jera lambobin daga ƙarami zuwa babba. Kar ka nemi tsakiya tukuna. Jera su.

Nemo mafi ƙanƙanta: 2,000. Rubuta shi a sabon layi, ka ja masa layi a lissafin farko don kada ka sake ɗaukarsa. Akwai wani 2,000 kuma, shi ma rubuta shi. Kada ka ce ai ka riga ka rubuta irinsa. Sau biyu ya zo, sau biyu za a rubuta. Sai 3,000, sai 4,000, sai 9,000.

2,000 2,000 3,000 4,000 9,000

Ƙirga su. Biyar ne? Madalla. In ka ga huɗu, ka yar da ɗaya a hanya, koma ka nemo shi.

Yanzu ɗora yatsa ɗaya a farkon layi, ɗaya a ƙarshe. Matso da su ciki tare, taki ɗaya-ɗaya. Inda suka haɗu shi ne na tsakiya: N3,000. Biyu na hagunsa, biyu na damansa.

Wanda bai jera ba zai nuna Laraba, tunda ita ce a tsakiyar shafi, ya ce amsa N9,000. Kuskure ne babba, don ranar da ta fi kowace ciniki ya ɗauka. In aka ce ka nuna yaron da ke tsakiya a tsayi cikin yara biyar, ai sai ka fara tsayar da su daga gajere zuwa dogo. Haka lamba take.

Duk ajin da aka koyar da wannan, sai an samu masu gyaɗa kai su ce sun gane, a ba su aiki kuma su tsallake jerawa. Haba jama'a! Gaggawar me ake yi? Minti ɗaya bai cika ba an gama jerawa. Kuskure ba abin kunya ba ne, amma wanda aka faɗa masa sau uku ya ƙi ji, wannan ba rashin ganewa ba ne, ganganci ne. A jera tukuna.

In lambobin shida ne fa? Mu ce ran Asabar ta yi N5,000. Me za a fara yi? Jerawa.

2,000 2,000 3,000 4,000 5,000 9,000

Yatsunka za su tsaya kan lambobi biyu, 3,000 da 4,000. Tara su, 7,000. Raba biyu, N3,500.

Kashi na uku: mafi fitowa

Wannan ba wuya. Lambar da ta fi maimaituwa ita ce amsa. A cinikin mai ƙosai, N2,000 ce, don sau biyu ta zo. Mai sayar da takalma da haka yake sanin lambar da zai fi sarowa. In babu wadda ta maimaitu, babu amsa.

Aikin gida

Ƙwan da kaji suka saka cikin kwana bakwai: 5, 4, 10, 4, 7, 4, 8. Nemo duka ukun. Wanda ya kawo aiki ba layin jerawa, ba za a duba masa ba.