Yadda ake dasa kariya ta yi fure a bazara

Kariya itaciyar dajinmu ce. Takan shekara da shekaru tana fure, kuma ta fi ado a rani da bazara, lokacin da sauran tsirrai suka yi yaushi.

Ka yanko reshe mai ƙwari, tsawon santimita 15 zuwa 20. Sa safar hannu, domin ruwan jikinta guba ne. Kada ya taɓa ido, kada yara da awaki su kusance ta. Ajiye reshen a inuwa kwana 3 har bakin yankan ya bushe, don ɗanyen yanka ruɓewa yake yi a ƙasa.

Ƙasar ita ce babbar magana. Haɗa yashi kashi 2, ƙasar lambu kashi 1, da busasshen taki kaɗan, a tukunya mai huji a gindi. Laka ba ta yi sam. Binne gindin reshen zurfin santimita 5.

Kada ka ba ta ruwa sai ƙasa ta bushe ƙarau. Da damina ɗora tukunyar kan bulo ruwa ya riƙa tsiyayewa. In gindi ya yi taushi, ganye ya yi rawaya, ruwa ne ya yi yawa. Tana son rana awa 6 a yini. A inuwa tsayi kawai za ta yi, babu fure.