Yadda ake haɗa inbata da makunnin sauya layi a motar shaƙatawa mai amfani da sola

Motar shaƙatawa, wato motar nan mai ɗauke da gado da kicin da banɗaki wadda matafiya ke kwana a cikinta a Amurka da Turai, tana samun wuta daga wuri biyu. Idan ta tsaya a sansanin matafiya, ana jona igiyarta a turken wutar sansanin. Idan kuwa ta shiga daji, sai ta koma kan batirin da farantan sola ke cikawa, inbata kuma ta juya wutar batirin ta zama irin ta soket, folt 120 a Amurka, 230 a Turai. Aikin makunnin sauya layi shi ne ya hana waɗannan wuta biyu haɗuwa. Wanda ya san canji-oba da ke tsakanin wutar Nepa da janareto a gidajenmu ya riga ya san aikinsa, sai dai na mota yana sauyawa da kansa. Idan babu shi, inbata na iya ƙonewa, kuma wutarta na iya komawa baya ta fito a haƙoran filogin da ke waje, inda hannun yaro zai iya kaiwa.

Kafin a taɓa kowace waya, a cire igiyar waje, a katse farantan sola daga kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da sola ke kai wa batir, sannan a cire batir. Wannan jerin yana da dalili, domin akwai kwantirola da ke lalacewa idan wutar rana ta shigo babu batirin da zai karɓe ta.

Ɓangaren batir ne ya fi neman hankali, ko da yake mutane sukan raina shi saboda folt 12 ba ya fizgar mutum. Inbata mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 167 a lissafi, idan kuma aka ƙara abin da ke salwanta a cikinta sai ya kai wajen 185. Wannan ƙarfi yana narkar da siririyar waya. Saboda haka a nemi wayar tagulla mai silili da yawa, mai kaurin kusan milimita murabba'i 70, wadda Amurkawa ke kira 2/0, a kuma ajiye inbatar kusa da batir yadda wayar ba za ta wuce mita ɗaya da rabi ba. A kan wayar ja, wato ta fositif, a sa fiyus mai amfiya 250, ko abin da littafin inbatar ya faɗa, kimanin santimita 18 daga kan batir, a biyo shi da babban makunni. Waya ce fiyus ɗin yake karewa. Duk tsawon da ke tsakaninsa da batir ba shi da mai tsaro, kuma idan ya goge jikin ƙarfen mota gobara ce. Idan batirin mai ruwa ne, kada ya zauna a akwati ɗaya da inbata, don yana fitar da iskar da tartsatsi ke kunnawa.

Daga nan sai a yanke shawarar abin da inbata za ta ɗauka. A ganina hanya mafi tsafta ita ce a kafa ƙaramin akwatin bireka na biyu (bireka ita ce makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa), a mayar da soket-soket da talabijin da na'urar ɗumama abinci cikinsa, a bar na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa da cajar batir a babban akwati. Cajar ce aka fi mantawa da ita. Idan ta samu wuta daga inbata, za ta riƙa cajin batir da wutar da ta fito daga batirin nan, ana asara a kowane zagaye, mai mota ya wayi gari batir ya mutu yana zargin farantan sola.

Makunnin sauya layin yana da mashiga biyu da mafita ɗaya. A ɗauko waya daga bireka a babban akwati zuwa mashigar da ke da fifiko, a kai wutar inbata ɗaya mashigar, mafita kuma ta tafi ƙaramin akwati. Ta haka da zarar an jona wutar sansani makunnin zai koma kanta, idan ta ɗauke ya dawo kan inbata. Dole ya zama mai sauya layif (wayar da ke kawo wuta) da nutiral (wayar da ke mayar da ita) tare, kuma ƙarfinsa ya yi daidai da birekar da ke ciyar da shi. A Amurka baƙar waya ce layif, fara nutiral, koriya ta ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa. A Turai ruwan ƙasa ce layif, shuɗiya nutiral, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa.

Saura maganar haɗa nutiral da wayar ƙasa, wadda a tsarin Amurka ake yi a wuri ɗaya tak, wato a tushen wutar. Idan ana kan wutar sansani, haɗin yana can wajen sansanin, ba a cikin mota ba. Idan ana kan inbata, ita ce za ta yi shi. Kada a haɗa su a akwatin bireka na mota. A duba littafin inbatar a ga ko tana yin haɗin da kanta, sannan a ɗaure jikinta da ƙarfen mota da waya mai kauri.

Wajen mayar da wuta, batir ne farko, sannan sola. Tartsatsin da ake gani lokacin jona inbata na cikar kafasitocinta ne, wato sassan da ke tara wuta a cikinta, kuma ana kauce masa idan aka fara ratsa wutar ta cikin rizista, wato abin da ke rage ƙarfin wuta, na 'yan daƙiƙoƙi. A kunna inbata babu kaya, a auna soket da mita, a auna haƙoran filogin waje a tabbatar babu wuta ko kaɗan. Sai a jona wutar sansani, a saurari ƙarar sauyawar makunnin, a danna maɓallin gwaji na birekar kare mutum, wato wadda ke yanke wuta idan ta zurare zuwa ƙasa, a kan kowane layi. Bayan tafiyar farko a kashe komai a sake ɗaure kowane sukuru, domin girgizar hanya tana sassauta su, kuma sukurun da ya saki shi ne ke zafi har ya babbake makunnin.