Bayan Bindiga Ta Tashi: Abin Da Dila, Kura Da Damisa Ke Yi

Sabon maharbi yakan ɗauka da zarar bindiga ta tashi, duk wani mai fiƙa da farce ya bar dajin ke nan. Ina! Ƙarar takan watsa namun dawa a tashin farko, daga baya kuma ta zame wa wasunsu kiran kalaci. Rabin sa'ar da ke biyo bayan harbi ita ce ta fi buƙatar natsuwa.

Ƙara na cin kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita guda cikin daƙiƙa uku, kuma da sanyin asuba in iska ta kwanta ta fi yin nisa a kan tsakar rana. A fili dabba kan gane inda ta fito, ta ba ta baya. A wuri mai duwatsu irin na Kufena da ke Zariya kuwa, amsa-kuwwa kan rikita ta, har ka ga dila ya sheƙo ya nufo wanda ya yi harbin. Ruɗewa ce, ba farmaki ba. Tsaya cak, ka yi gyaran murya, zai kauce. Dabba ta fi gaskata hancinta a kan kunnenta, saboda haka kafin harbi da bayansa ka riƙa barbaɗa toka ko ƙasa mai laushi, ka ga inda iska ke kai warinka da na albarushi.

Dila ba ya dogon gudu. Yakan ɗan yi nisa, ya tsaya ya waiwayo. In aka kuskure shi sau ɗaya, an ba shi karatu: zai sauya lokacin fitowa, ya riƙa zagayowa ta inda iska za ta kawo masa warin mutum. Shi ya sa harbin iska don korar sa daga garke ba ya ɗorewa. In ya ga ƙarar ba ta cizo, sai ya saba. Shingen ƙaya mai tsayi da kare mai haushi sun fi albarushi amfani a nan.

Kura ce abin lura. Takan ja da baya in ta ji harbi, amma ba ta tafi ba. Tana jin hayaniyar masu cin nama daga nisan da ya kai kilomita goma, kuma inda maharba suka saba barin kayan ciki a fili, takan haɗa ƙarar da abinci. To, in ka kayar da gada ko barewa gab da magariba, kada ka tsaya hira. Yanka, farke cikin, binne kayan cikin da ba za ka ɗauka ba, ka sa naman a buhun da ba ya ɗiga, ka bar wurin. In kwana ya kama ka, rataye naman a reshe sama da mita biyu, nesa da inda za ka kwanta, domin kura ba ta hawa itace. Ɗaure karnuka kusa da wuta. Karen da ya bi kura cikin duhu shi kaɗai, da wuya ya dawo.

Babban haɗarin yana ga dabbar da aka yi wa rauni. Damisa ta yi wuyar gani a ƙasar Zazzau yanzu, dokar Najeriya ta 1985 ta hana kashe ta, kuma farauta kowace iri laifi ce a gandun Kamuku na Birnin Gwari. Amma kuskure kan auku, kuma ƙa'idar ɗaya ce ga duk mai fiƙa. Damisa mai lafiya guduwa take yi. Mai rauni kuwa takan shiga kurmi mafi kusa ta laɓe, ba gurnani ba motsi, sai ka zo dab ta diro. Bindigar toka na ƙara dagula lamarin: harbi ɗaya gare ta, hayaƙi ya rufe maka ido a daidai lokacin da ya kamata ka ga inda dabbar ta nufa, guntayen ƙarfen da wasu ke ɗurawa kuma warwatsuwa suke yi, su raunata ba su kashe ba.

Bayan harbi, kada ka ɗaga ƙafa sai ka sake ɗuri. Goge cikin bututun bindigar da tsumma mai ɗan laima tukuna, don ragowar garwashi na iya kunna sabon albarushi a hannunka, kuma auna shi a ma'auni, kada ka zuba kai tsaye daga gora. Riƙe alamar wurin da dabbar ta tsaya, ka jira aƙalla minti talatin. Sannan duba jinin. Mai kumfa da haske na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu da wari na ciki ne, tana da sauran ƙarfi na sa'o'i, a bar ta sai gari ya waye. Ba a bin sawu da dare, ba a bi mutum ɗaya: ɗaya idonsa a ƙasa, ɗaya idonsa a gaba. Kowane kurmi a jefa masa dutse kafin a kusance shi. In karnuka suka turje, gashin bayansu ya miƙe, ku ma ku tsaya.

A farautar gayya, harbin wannan ɓangare kan kora dabba zuwa wancan. A bar mata ƙofar fita, domin ko dage in aka ƙure shi juyowa yake yi. Kuma kada kowa ya harbi motsin ciyawa sai ya ga abin da ke ciki. Sau da yawa abokin farauta ne.

Dila ko yanyawar da ta fito da rana tsaka, ta ji harbi ko gezau, tana tangaɗi tana dalalar da miyau, a ɗauke ta a matsayin mai ciwon haukan kare. A janye karnuka, kada a taɓa gawar da hannu. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar don allura, asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ne ko wanda ya fi kusa.