Kafin ka sayi injin walda don tsatsar mota: kurakuran da sababbin hannu suka fi yi

Motocin da ake shigo da su daga Turai da Amurka sukan iso da ciwonsu a ɓoye. Can ana watsa gishiri a kan titi lokacin dusar ƙanƙara, gishirin kuma shi ke cin ƙasan ƙofa, bakin taya da daben mota. Sai ka ɗaga kafet ka tarar rami yana kallonka. Daga nan mutum yakan ce bari ya sayi ɗan injin walda mai araha ya gyara da kansa, kuma tun a shago ake fara ɓata rawa da tsalle.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen inji saboda babbar lambar da aka rubuta a kwalinsa: amfiya 200, 250, har 300. Mai shago zai buga ƙirji ya ce wannan ko ƙofar gida zai haɗa. Gaskiyarsa, amma jikin mota ba ƙofar gida ba ne. Kaurin ƙarfen bodi bai cika wuce milimita 0.7 zuwa 1 ba, kuma a ƙiyasin masu sana'ar kowace milimita ɗaya tana son amfiya kusan 40. Abin tambaya ke nan shi ne iyakar inda injin zai iya sauka. In yana sauka zuwa 30 ko ƙasa da haka, ya yi. In mafi ƙarancinsa 50 ne ko 60, ramin da kake son toshewa sai ya haifi ƙannensa.

Na gani da idona a kan ƙofar wata tsohuwar Golf. Injin sanda na kama, irin wanda ake haɗa taga da shi, da sanda mai kaurin milimita 2.5. Ina ɗan taɓa ƙarfen sai ya yi ja, ya narke ya zube, rami kamar kwabo ya koma kamar bakin kofi. Injin sanda shi ya fi araha kuma ko'ina akwai shi, sai dai aikinsa ƙarfe mai kauri ne. Wanda ya dace da sabon hannu a kan bodi shi ne MIG, mai turo siririyar waya da kansa in ka danna kunamar.

Shi ma MIG ɗin akwai tarko a cikinsa. Mafi arha su ne waɗanda ba sa amfani da gas (ba na girki ba, wanda ke kare walda daga iska), masu waya mai hoda a ciki. Wayar ba ta cika yin ƙasa da milimita 0.8 ba, tana da zafi, ga feshi ga datti da sai ka kankare. Tana da ranarta a waje inda iska ke kaɗawa, amma a kan siririn ƙarfe sai gwani. Nemi injin da ke karɓar gas da waya 0.6. A cikin irin gas ɗin, gaurayen agon da CO2 ya fi ba da walda mai santsi. CO2 zalla ya fi sauƙin kuɗi amma ya fi feshi. In injin yana aiki da gas da kuma waya mai hoda, ka tabbata ana iya juya masa igiyoyi, domin da gas tocin, wato abin da kake riƙewa wayar ke fitowa ta bakinsa, shi ke kan fositib, da waya mai hoda kuma negatib. Mutane da yawa sun zagi inji alhali wannan kaɗai suka manta.

Kuma kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan injin. Tukunyar gas, ragileta, waya, giranda, safar hannu ta fata da hular walda mai yin duhu da kanta duk suna jiranka. Tambayi inda ake cika gas a garinku tun kafin ka biya. Baƙin gilashin 'yan gayu ba ya tare hasken walda. Da tsakar dare za ka farka kamar an zuba maka yashi a ido.

Sai batun wuta. Wutarmu 220 zuwa 240 ce, injin gwanjo daga Amurka kuwa sau da yawa na 110 ne, a duba kafin a jona. Ƙaramin janareto na kunna fanka da talabijin ba zai ja shi ba. Akwai kuma wani kaso da ake rubutawa a jikin inji, misali kashi 20 cikin 100: ma'anarsa aikin minti 2 cikin kowane minti 10, sauran hutu. Wannan kada ya tsorata ka, aikin bodi ɗigo-ɗigo ne.

Abin da na fi so ka taɓa da hannunka a shago shi ne wurin da ke turo waya. Buɗe murfin, a jona, a danna. In wayar tana fitowa tana tsayawa kamar mai in'ina, bar musu kayansu ko nawa suka rage. Duba kuma ko ana samun bakin toci na canji a kasuwa, don shi ke fara ƙonewa.

Ragowar laifin na hannu ne, ba na inji ba. Tsatsa ba ta karɓar walda, sai ka yanke har ka iso ƙarfe mai sheƙi, ka goge inda za ka maƙala igiyar ƙasa, wato igiyar injin da ake kamawa a jikin ƙarfen. Kada ka ja dogon layi, ƙarfen zai lanƙwashe. Ɗiga nan, tsallaka can, bari ya huce, ka dawo ka cike tsakani. Farantin jan ƙarfe a bayan rami yana shanye zafi kuma walda ba ta kama shi. Lokacin hunturu ka kare wurin daga iska, in ba haka ba za ta kwashe gas ɗin, waldar ta fito da ƙananan huji. Cire kan batir, ɗage kafet da soson kujera, ka san inda tanki da bututun mai suka bi. Sannan ka je wurin 'yan gwangwan ka sayo tsohuwar ƙofar mota, ka huda ta son ranka na sati biyu kafin ka kusanci taka.