Yadda Ake Koyon Faransanci ta Hanyar Wasan Dofus

Dofus wasa ne na intanet da kamfanin Ankama na garin Roubaix, a arewacin Faransa, ya fitar a shekarar 2004, inda kowane ɗan wasa yake zaɓen jarumin da zai zama, ya yi fatauci, ya kuma yaƙi dodanni tare da wasu mutane. Akwai na wayar hannu mai suna Dofus Touch. Ya dace da mai koyo domin faɗan cikinsa bi da bi ake yi, saboda haka akwai sararin karanta rubutu kafin a motsa.

Da farko ka mayar da harshen wasan zuwa Faransanci, sannan duk aiken da aka ba jaruminka ka karanta shi da babbar murya kafin ka duba ƙamus. Bayan haka ka shiga wata ƙungiyar 'yan wasa, wadda suke kira guilde, ka gaya musu kai tsaye cewa koyo kake yi. Wanda ya yi shiru yana kashe dodanni shi kaɗai ba zai ƙaru da komai ba, domin a wajen taya kaya da kamas, wato kuɗin cikin wasan, da neman abokan yaƙi ne harshen yake zama a baki.

Abin da na fi so mai koyo ya kula da shi shi ne wasa da kalmomi, wanda Bahaushen da ya taɓa yin zaurance ba zai gan shi baƙo ba. Sunayen da yawa daga cikin jaruman kansu juyayyu ne: idan ka karanta Enutrof daga ƙarshe za ka samu fortune, wato dukiya, Eniripsa mai warkarwa kuwa aspirine ce, wato maganin asfirin, Crâ maharbi kuma arc ne, wato baka. Matasan Faransa ma suna da nasu zaurancen da ake kira verlan, inda merci, wato na gode, ke komawa cimer, fou kuma, wato mahaukaci, ya koma ouf. Ka riƙa rubuta irin waɗannan a ƙaramin littafi, ka warware su da kanka, sannan ka jarraba ɗaya a cikin hira ka ga ko za a amsa maka da mdr, alamar dariya.

Sai dai ka ware wa waɗannan kalmomin shafinsu dabam, domin irin su slt, gajeren salut na gaisuwa, da cimer na hira da tsara ne, ba a rubuta su a jarrabawa ko a wasiƙar neman aiki.